Yatsu Uku Ranar Buɗe Asibiti

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya iyali, ya sanyin Amurka? Mu nan Bagudo lafiya, sai gajiya.

Ka tuna labarin da ka ba mu na attajiran Amurka na dā, waɗanda suka tsotse leburorin masana'antunsu, sannan suka gina wa gari ɗakunan karatu? To, mun ga namu.

Alhajin da maigidana, Baban Hadiza, ke yi wa aiki a injin casar shinkafa ya gina asibiti. Ranar buɗewa aka hana ma'aikata hutu, wai motocin garin Kamba na jiran kaya. Tun asuba Baban Hadiza yana tsaye a bakin injin, da la'asar injin ya cinye masa yatsu uku. Shi aka fara kwantarwa a sabon asibitin.

Alhaji ya leƙo da baƙinsa, ya ce, "Ka ga amfanin asibiti kusa?"

Baban Hadiza ya ce, "Na gani, Alhaji. Allah ya saka."

An sallamo shi jiya, amma an riga an sa wani a gurbinsa a wurin aiki. Ka sa mu a addu'a, Yaya, na gaji. Inna na gaishe ka. Ka shafa min kan yara.

Ƙanwarka,
Rabi