Damtsen Hagu

Litinin, 3 ga Maris
Likita ta ce ƙwayoyin da ke tsayar da jini sun yi ƙaranci a jikina, shi ya sa haɓo ya aure ni. Ta shimfiɗa mini hanya uku kamar a tatsuniya. Ta farko magani mai saurin aiki, amma ya kumbura fuska, ya tayar da sukari, ya kori barci. Ta biyu a cire saifa. Ta uku wata sabuwar ƙwaya, ana sha ana gadin hanta, kuma tana iya sa jini ya yi guda. Na ce, "Likita, a tatsuniya ai akan samu ɗaya mai ɓullewa." Ba ta yi dariya ba. Ta tambaya ko dasashina na jini. Na ce ko kusa. Alhali da safen nan buroshina ja wur.

Talata, 4 ga Maris
Jini ya kwanta a damtsen hagu, ta ciki. Tabo biyu suna kallon juna, babban yatsa da manuni. Daidai inda marigayiya matata take mintsinina in na shirga ƙarya a gaban baƙi.

Alhamis, 6 ga Maris
Bencin asibiti ya fi likita bayani. Wani tsohon direba ya bi hanya ta farko, fuskarsa ta zama faranti. "Uwargida ta ce ta yi sabon miji mai kumatu," in ji shi. Wata mai ɗinki an cire mata saifa, ta ce yanzu ko mura ta kama ta sai ta bar wasiyya. Na naɗe hannun riga na nuna wa direban. Ya daɗe yana kallo. "Malam, namu tabon ba shi da tsari. Naka an zaɓi wuri." Ya ɗan matsa can ƙarshen benci.

Asabar, 8 ga Maris
'Yata Auta ta kira. "Baba, ka zaɓa?" Na ce na zaɓa, har na fara sha. Ban gama ajiye wayar ba na ji mintsinin, zau, har da murɗawar nan tata. Rana tsaka, ƙofa a buɗe, ni kaɗai. Falon kuwa sai ƙanshin man gashinta, wanda aka zubar da kwalbarsa tun bara waccan.

Lahadi, 9 ga Maris
Auta ta zo ta gani. "Baba, wa ya..." Sai ta haɗiye sauran. Ita ma ta sha irinsa tana yarinya, ta san shatin farcen nan mai tsaguwa. Ba ta yarda ta zauna a kujerar da ke haguna ba.

Laraba, 12 ga Maris
Likita ta ce tabo tabo ne, wataƙila ni nake matse kaina ban sani ba. Amma awon jinin ya ƙara faɗuwa. "Baba, in jinin ya ɓalle a cikin kai, ba ya sallama," in ji likitar. Auta tana kuka. Na ɗauki hanya ta uku. Da na ce ba tsoro ne ya sa ba, sai da na dafe damtse.

Juma'a, 28 ga Maris
Haɓo ya tsaya. Hanta lafiya. Tabon ya koma ruwan ɗorawa.

Talata, 8 ga Afrilu
Awo ya hau, kowa na yi mini barka. A shagon aski na ce na taɓa kama kifi girman ƙyauren nan. Aka yi dariya. Na jira. Na ƙara masa ƙaho. Shiru. Na dawo gida, falo ba ya ƙanshin komai. Na zauna na bar mata hagu, har inuwa ta kai bango.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Ƙwayar jiya tana nan kan faranti, ta yau ta same ta. Na san abin da likita ta ce game da jini a cikin kai, ban manta ba. Ƙwayar ce dai na manta. Mantuwa ce irin ta tsufa, ba wani abu ba.

Na rubuta haka, na naɗe hannun riga.