Yadda Muka Kai Lulong Kapit da Kiɗan Tawak

Zuwa ga Yayana Ranggau, a Johor,

Gaisuwar ƙani ga wansa, da fatan kai da Yaya Chambai da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara maka juriya a masana'antar nan da ta cinye maka gashin kai. Mu nan lafiya lau. An gama girbin shinkafa, Baba yana nan da ƙarfinsa da faɗansa, matata Mindu kuma har yanzu tana cewa ba ta dube ni da kyau ba kafin ta yarda. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a aji huɗu ni da malaminmu muka gaji da juna. Waya kuwa ba ta da amfani a wurina yanzu, za ka ji dalili.

Saƙonka ya iso, wai in turo maka 'yata Lulong ka sama mata aiki a wurinku, tunda har tsuntsu ya goyi bayanka. Abin da aka gaya maka gaskiya ne. Ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan ƙauyukanmu masu dogayen gidaje ta kira ta ganawa a garin Kapit. Mun shiga kwalekwale, ko nisa ba mu yi ba tsuntsun ketupong ya yi kukansa mai hana tafiya, Baba ya ce a juya. Muka juya. Kwana uku yarinyar nan ba ta kalle ni ba. Malamarsu Sendi ce ta yi ta roƙo har aka ba mu wata ranar, aka ce daga ita babu wata.

Ina gyaran raga sai na tuna lokacin da ake gina dogon gidanmu, yadda aka sa mu dukan tawak, gangar tagullar kakanmu, tun safe har yamma don kada a ji kukan tsuntsu a fasa aiki. Na je na tambayi Baba ko tsuntsun da ba a ji ba yana hana tafiya. Ya daɗe yana hararata, sannan ya ce ba ya hanawa, ya ƙara da cewa tun ina jariri ya kamata ya miƙa ni ga kadojin kogi. Amma da hannunsa ya sauko da gangar, shi ya fara shiga jirgi.

Awa huɗu ina duka, Yaya. Mindu na riƙe da inji tana zagina, ina ganin bakinta kawai. Mutane suna fitowa bakin kogi su ga wa ke aure. Ko tsuntsaye sun yi kuka, wannan tsakaninsu da Allah.

A ofishin, wani jami'i mai tabarau ya yi ta magana, ni kuma kunne ya toshe, ina ta murmushi ina gyaɗa kai ina godiya. Ashe cewa yake 'ya'yanmu na saman kogi ba sa daɗewa, kafin shekara kewar gida ta koro su. Mindu ta ce Lulong ta dube shi ta ce, "Ranka ya daɗe, wadda ta yi awa huɗu a gaban gangar babana ta iso nan, ba ƙaramin abu ne zai mayar da ita gida ba."

An ɗauke ta. Awon ƙasa da zanen taswira za ta karanta. Ran da masu saran katako suka sake zuwa da takarda suka ce gonakinmu da kaburburan kakanninmu ba sa ciki, tamu ce za ta buɗe takardar ta karanta musu. Ni da kai mun sha gyaɗa kai a gaban abin da ba mu gane ba, ya isa haka. Gadon kwanan da ka shirya mata, ka ba wani.

Baba da Mindu suna gaishe ku. Ka gaida Yaya Chambai, da Empaling, da auta Suti. In ka zo bikin Gawai kana da sauran gardama, bismilla, amma ka zauna ta haguna. Wannan kunnen bai dawo ba tukuna.

Ƙaninka mai aji huɗu,
Gerinang, Baban Lulong