Ruwa Ya Rufe Ja

Litinin, 2 ga Yuni

Sun kashe wa Yaya alfadararsa.

Na san wasa ne a waya. Amma duk wanda ya sake ce min "ai wasa ne", wallahi almakashi zan bi shi da shi.

Tun da motarsa ta faɗi da shi aka sa masa ƙarfe a ƙafa, Yaya ya juya fuska bango. Mutumin da in ya dawo daga tafiya har maƙwabta sai sun ji labarin hanya, ya koma "uhm" da "a'a". Likita ya ce in bai fara zuwa ana motsa masa ƙafar ba, za ta sandare ke nan. Ya ƙi. Sandunan da aka ba shi suna bayan ƙofa, matarsa har ta fara shanya tawul a kansu.

Ni na sa masa wasan fataken nan da nake yi a shago in ɗinki ya yi sauƙi. Ka ɗora wa dabba kaya, ka kai wani gari. Na ce ai sana'arsa ce. Ya kuwa karɓa. Ya samu alfadara, ya sa mata Uwar Ɗaki, sunan motarsa. Har na ji shi yana mata faɗa kan hawan tudu.

Yau ya shiga babban zaure, inda kowa da kowa a wasan ke rubutu. Ni na daɗe da rufe nawa, hayaniya ce kawai. Shi ko ya shiga da sallama, ya gaida jama'a, ya tambayi iyalinsu, sannan ya nemi hanya mafi kusa zuwa garin gishiri. Wani mai suna Gatari ya ce, "Baba, bi ta tsohuwar gada, lafiya lau take."

A gindin gadar akwai turke mai jan layi. In ruwa ya rufe jan, gadar ba ta ɗaukar kaya. Duk wanda ya daɗe a wasan ya sani, baƙo ne kawai bai sani ba. Suna kiran abin "wankan baƙo". Kuma dabbar da ta mutu a wasan nan ta mutu ke nan.

Na karanta abin da suka rubuta bayan alfadarar ta faɗa ruwa. Dariya layi-layi. Yaya ya rubuta, "Jama'a, ko na yi kuskuren kwana ne?" Suka ƙara fashewa.

Na ce me ya hana ka tambaye ni? Ya ce, "Kina aiki. Kuma Auta, duk shekarun da na yi a kan titi, ban taɓa tambayar hanya an min ƙarya ba."

Ya kife wayar a ƙarƙashin filo.

Talata, 3 ga Yuni

Gatari. Na riƙe sunan.

Alhamis, 5 ga Yuni

Na rufe wa Yaya zauren a wayarsa yana wanka. Zauren banza. Ba abin da yake wa baƙo sai cuta. Da ni ce masu wasan, sai mutum ya yi wata yana yi kafin a bar shi ya leƙa wurin.

Da ya gani ya ce, "Kin rufe min tasha." Na ce tashar 'yan iska ce. Ya ce kowace tasha da 'yan iskanta. Na bar masa ɗakin.

Bai ci abincin rana ba. Matarsa ta fito da kwanon kamar yadda ta shiga da shi, ta kalle ni kamar ni na karya gadar.

Lahadi, 8 ga Yuni

Na bincika. Gatari shugaban ƙungiya ne, yana da raƙuma farare da ya daɗe yana tarawa, yana ji da su kamar 'ya'yansa. Manyan ayarinsa ta tsohuwar gada suke bi, don ta fi kusa. Sai dai kafin su iso sukan tura mai duba hanya ya je ya ga turke, ya faɗa musu ko ruwa ya sauka. Abin da ya faɗa shi suke bi.

Na buɗe sabon suna. A wasan an san ni da Allura, yanzu na zama Zare. Zare yarinya ce mai ladabi, ba ta san komai ba, tana neman ƙungiya.

Sai ya yi wanka da raƙumansa duka. In sha Allah. Ko da yake ban san ko ya dace in sa sunan Allah a wannan ba.

Laraba, 11 ga Yuni

Sun ɗauke ni. "Ranka ya daɗe" nake ce wa Gatari ina cije haƙori.

Na karya allurar keke yau saboda ina leƙen waya. Mai rigar ta ce anya lafiyata? Lafiya ƙalau, Hajiya, raƙuma nake kiwo.

Talata, 17 ga Yuni

Na duba musu hanya ranar Asabar, na duba jiya, gaskiya na faɗa duka. Zuciyata kamar ta fashe ina kallon raƙuman nan suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Amma ƙaramin ayari ne. Babban nake jira, wanda zai fito da su kaf.

Gatari ya ce, "Zare, ke 'yar albarka ce." Za ka ga albarka.

Na tambaye shi a fakaice me ya sa ake wa baƙi wanka. Ya ce shi ma an masa, kowa an masa, haka ake koyo. Ko nadama babu. Da ya nuna nadama ma da ya ɓata min shiri.

Juma'a, 20 ga Yuni

Na leƙa Yaya da yamma. Ya fito da wayar daga ƙarƙashin filo, yana danne-danne da yatsa ɗaya, tabarau a kan hanci. Da ya gan ni ya kife ta. Bidiyon motoci yake kallo, na sani, kunya yake ji.

Sanduna suna nan da tawul ɗinsu. Matarsa ta ce ranar asibiti ta sake wucewa.

Alhamis, 26 ga Yuni

Jibi babban ayari. Za su tafi da wasu sabbin shiga ma, da jakunansu na farko. Ɗaya ta sa wa jakinta Ɗan Lele, tana ta tambaya ko yana jin ƙishi.

Ba ruwana. Wa ya ce su bi shi?

Asabar, 28 ga Yuni

Abin da ya faru yau dole sai na rubuta shi.

Na ja labulen shago bayan azahar, na ce wa masu karɓar ɗinki su dawo gobe. Na riga ayari zuwa gada. Ruwa ya shanye jan layin, ko alamarsa babu. Akwai wani a zaune gindin turke, ba dabba ba kaya, ban ko kalli sunansa ba. Na rubuta wa ƙungiya, "Ruwa ya sauka, ku taho." Suka taho. Raƙumin farko saura kaɗan ya taka katako.

Sai suka tsaya. Duka.

Gatari ya ce, "Zare, buɗe babban zaure ki karanta."

Na buɗe. Ga abin da ke ciki:

"Salamu alaikum. Masu fararen raƙuman nan, ku dakata. Ruwa ya rufe ja. Ku koma ta tudu, ta fi nisa amma za ku isa."

Tsohon Direba. Sunan Yaya a wasan.

Na haura sama ina karantawa. Ashe ya daɗe da buɗe zaurensa. Tun da ba shi da dabba, ya taka da ƙafa ya je gindin turke ya zauna, yana ba da labarin ruwa safe da yamma. Mutane na ta "Baba, ya ruwa?" yana amsawa da gaisuwa. Har wani na koya masa yadda ake gyara sirdi, wata na tambayarsa maganin ciwon baya na masu dogon zama.

Gatari ya kore ni, ya zage ni tas a gaban kowa. Wannan bai dame ni ba.

Ko takalmi ban sa daidai ba na isa gidan. Na ce, "Yaya, ka san ayarin wa ka tsayar?"

Ya ce ya ga sunan.

"Shi ne fa ya kashe maka Uwar Ɗaki!"

Ya ce, "Na sani, Auta. Direban da ya zage ka jiya, in ka baro rami a baya ka gan shi tafe, dole ka kunna masa fitila. Ba shi kaɗai ne a motar ba."

Sannan ya ce, "Wata ce wai ta musu ƙarya, Zare. Allah ya shirye ta." Ya kalle ni ta saman tabarau. Ni tela ce, sunana Allura, ba sai an kira boka ba. Ya koma kan wayarsa.

Na fito ina kuka don haushi. Sati uku ina ce wa ƙato "ranka ya daɗe" a banza.

Lahadi, 29 ga Yuni

Ba zan je gidan ba. Ya zauna da turkensa.

Laraba, 2 ga Yuli

Gatari bai ba shi haƙuri ba. "Baba, ka kyauta" kawai ya rubuta. Ka ji mara kunya.

Na bar zaurena a buɗe don in ga ko zai sake yi wa wani wanka. Ya gwada jiya da wani baƙo. Kafin baƙon ya motsa, mai Ɗan Lele ta rubuta, "Kar ka bi, tambayi Baba tukuna." Har yanzu ina nan a kan bakana, zauren banza ne. Sai dai yanzu an fi surutu a kan ruwa.

Matar Yaya ta kira, wai ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari. Na ce to.

Asabar, 5 ga Yuli

Ɗinki nake da safe sai ga mota a ƙofar shago. Yaya a gaba, sanduna a kan cinyarsa, ba tawul. Asibiti za su. Matarsa ta ce wani a zauren ne da ya taɓa karaya ya sa shi gaba, kullum sai ya tambaye shi ko ya je.

Ya miƙo min wayarsa ta taga. Ya ce, "Ba sa bari a riƙe waya in ana motsa ƙafa. Ki tsare min turke. Ki fara da sallama, ban da gatse."

Na ajiye ta kan keke, ina ɗinki ina leƙawa. Wajen hantsi ruwa ya fara hawa. Ya taɓa jan, ya rufe shi.

Sai ga fararen raƙuma daga nesa, su kaf. Gatari bai tura mai duba hanya ba. Bai yarda da kowa ba tun abin da na masa. A zaure ya rubuta:

"Baba, ya ruwa?"

Na tsayar da keke. Ba sabon shiga ko ɗaya a ayarin, na duba sau biyu. Shi kaɗai ne da raƙumansa. Abin da na yi sati uku ina nema ya kawo kansa har kan tebur. Duk abin da Tsohon Direba ya ce, zai bi ido rufe. Har na rubuta "Ya sauka", na zauna ina kallonsa, yatsana a kan wurin turawa.

Na goge. Na rubuta, "Ya rufe ja. Bi ta tudu."

Ya ce, "Na gode, Baba. Yau ba sallama?"

Na koma kan ɗinkina. Ba don shi na yi ba, sunan Yaya ne a jiki, kuma da shi zai dawo gida. Ban yafe ba, kar ma wani ya ce na yafe.

Da Yaya ya dawo, ya ce in riƙe masa ranar Laraba ma, lokacin asibiti. Na ce sai na gani, ina da ɗinki da yawa. Na dai sa cajar wayarsa a jakata.