Rigarka a Hannun Tsoho Ding

Zuwa ga Yaya Dawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, ya aikin jan taliya da hannu a gidan abinci, da zafin birnin Guangzhou? Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan Linxia lafiya lau. Tarin Inna ya yi sauƙi, tumaki biyu sun haihu, ni kuma har yanzu liman bai kore ni daga karatu ba.

Yaya, na yi wata tsiya, ta kuma juyo kaina. Ka san Tsoho Ding, makahon nan mai tausa na bayan kasuwar shayi, wanda ya riƙa danna bayan Babanmu kafin rasuwarsa. Jiya bayan azahar na ɗauko tsohuwar rigarka ta sanyi mai auduga a ciki da ka bari rataye a ƙusa, na sa, na shiga shagonsa ina kaurara murya, na ce ni ne Dawu, na zo hutu. Niyyata in ya gama yi mini sannu da hanya in fashe da dariya. Ya dai bubbuga gado, na kwanta. Ka san shi ba ya sa mutum ya tuɓe, ta saman tufa yake aiki. Ya fara murza kafaɗa, ya gangaro a hankali har haƙarƙarin dama. Nan ya tsaya. Ya daɗe bai motsa ba, ba abin da nake ji sai tafasar butarsa, da sanyin yatsunsa yana ratsa audugar.

Can ya ce, “Tashi, biri. Tun daga ƙofa na san takunka, Ersa. Bayanka lafiya lau. Rigar ce ba ta da lafiya.”

Ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Wallahi Yaya, nan kaɗai audugar ta siɗe, ta lotsa daidai faɗin tafin hannu. Ya ce sai mutum ya shekara yana dafe wuri ɗaya bai sani ba kafin tufa ta yi haka. Riga ɗaya ya taɓa samu da irin wannan lotsawar, ta Babanmu ce. Wata uku ya yi yana yi masa tausa yana zaton sanyi ne ya shige shi, ashe ciwo ne a ciki yana cin sa. Ya ce wannan ya fi ƙarfin hannunsa, in faɗa maka ka je asibiti a yi maka hoton ciki cikin makon nan, kada ka tsaya wurin wani mai tausa.

Ban faɗa wa Inna ba. Tana gaishe ka, ita da Goggo Famai. Ka gaishe mini da matarka Suofiya, da ƙaramar Sailimai, da Kawu Yibula.

Na san za ka ce wani sabon shaƙiyancina ne, don na sha yi maka. To kafin ka ninke takardar nan, duba ka ga ina ɗaya hannun naka yake.

Ƙaninka,
Ersa