'Yan Jami'ar Jikana da Butar Malam Ilu

Assalamu alaikum Malama Safiya. Ki taimaki tsohuwa da shawara, don abin nan ya tsaya min a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, bai wuce ba bai dawo ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, na ajin yaƙi da jahilci ne, shi ma muna tsakiyar koyo malamar ta yi aure ta bar mu da alli a hannu.

Ni a Mandawari nake, cikin lungun da in ɗan adaidaita ya yi gangancin shigowa sai dai ya fita da baya. Ina da jika, Umair, ɗan babban ɗana. Angona nake ce masa, shi kuma ya ce wai tsohuwar amarya aka liƙa masa bai gani ba bai zaɓa ba. A Fatakwal aka haife shi, can ubansa yake aiki. Bana ya samu jami'a a nan Kano, uban ya ce ba zai kwana a hostal ba alhali ina da rai, aka kawo min shi da akwatinsa.

Da farko na ɗauka kurma aka aura min. Daga makaranta sai ɗaki, waya a hannu, igiyar jin waƙa a kunne, tuwo in ya taɓa ya taɓa. Yaro ya fara zubewa, wuya ya yi tsawo kamar na zalɓe. Da na tsare shi sai ya ce bai san kowa ba, in an tashi daga lacca kowa kama gabansa yake, kuma wai shi bai ga wurin zuwa a garin nan ba. Kano fa, Malama. Garin da mutane suke sayar da akuya su zo kallo.

Sai na tura shi ciyayya. Ban sani ba ko a unguwarku an daina, mu a lungunmu tana nan yadda na tarar da ita ina amarya: in an idar da magariba maza su shimfiɗa tabarma a ƙofar soron gidanmu, kowane gida a fito da kwano, a haɗa a ci tare. Na ɗora masa kular tuwo a hannu, na tura ƙeyarsa waje, na sa sakata.

Magani ya ci. Tsofaffi suka koya masa dara suna cinye shi suna dariya. Samarin lungu suka ja shi ƙwallo. Wata Asabar suka hau da shi dutsen Dala, ya dawo yana haki yana ba ni labarin garin da aka binne cibiyata. Ya shiga kasuwar Kurmi ya sayo hular da ta sauko masa har kunne. Kumatu suka dawo. Na ce to, yanzu na yi miji.

Ran nan ya zo da wani yaro ɗan Mubi, shi ma sabon shiga ne, ba shi da kowa. Na ji daɗi. Bayan kwana biyu ga ɗan Ilori, wanda in zai gaishe ni sai ya kwanta rub da ciki, har nakan ce masa ya tashi kar kaji su ɗauka tabarma ce. Sai ɗan Zuru, sai na Lakwaja, sai wani dogo da har yau ban riƙe garinsu ba. Yanzu in na leƙa, takalma a ƙofar soro kamar masallacin Juma'a. Ba zan yi miki ƙarya ba, daɗi nake ji. Kaka sama Kaka ƙasa. Sun gyara min rediyo, sun yashe kwatar lungu ba wanda ya sa su, kuma suna zama in shirga musu labarin aljanun Jakara, rabi gaskiya rabi nawa, su buɗe baki suna ji. Rabon gidan nan da hayaniya irin wannan tun maigidan yana da rai.

To ga inda gizo yake saƙar. Akwai wani dattijo a lungun, zan kira shi Malam Ilu. Ɗinkin hula yake yi da, ido ya gaza, mai ɗakinsa ta riga mu gidan gaskiya, ba mai ɗora masa tukunya. Shekara da shekaru ba a fito da kwano daga gidansa ba, kuma ba a taɓa samun wanda ya nuna ya lura ba. Shi abin da yake zuwa da shi buta ce da 'yar roba. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana zuba musu ruwan wanke hannu, yana tsokanar kowa, sannan ya zauna a ci da shi. Butar nan ita ce kwanonsa, duk wanda ya tashi a lungun ya san haka ba tare da an faɗa masa ba.

Yaran nan kuwa masu tarbiyya ne, nan matsalar take. Da suka ga tsoho yana duƙawa yana zuba wa sa'o'in jikokinsa ruwa, sai suka karɓe butar, suka ce Baba ya huta, bai dace ba. Kullum kafin ya miƙe wani ya riga shi. Ga shi suna da saurin loma kamar ana bin su, shi kuwa haƙora sun yi saura, kafin ya gama da loma ta biyu an suɗe kwanuka. Na ƙara awo, bai hana ba. Ta kafar ƙofa na hango shi yana kakkaɓe riga yana cewa ai shi cikinsa ba ya ɗaukar abincin dare yanzu. Daga baya ya fara fashi. Yau kusan mako ban ji muryarsa a ƙofar soro ba, sai dai ya wuce masallaci ya wuce gida.

Aika masa da kwano gida ba zai yiwu ba, an taɓa gwadawa ya maido shi da godiya ya ce ya riga ya ci. In na zaunar da yaran na yi musu bayani na tona asirin da lungu guda ya rufe. In na ce Angona ya rage kwaso baƙi, da wane baki zan kori ɗan mutane daga kan abinci, kuma ina tsoron ya koma ɗaki ya maida igiyarsa kunne.

Ana cikin haka shekaranjiya Lami maƙwabciyata, aminiyata kuma abokiyar faɗana tun muna goyon fari, ta shigo da ƙatuwar tukunyarta ta biki, ta dire min a tsakar gida, ta tambayi ciwon ƙafata, ta fita. Ba ta ce uffan a kan tukunyar ba. Na kwana ina kallon tukunyar nan, na rasa habaici ne ko taimako, don Lami ta iya duka biyun.

Yaya zan yi dattijon nan ya dawo, yaran nan kuma kar su watse?

Taku,
Tsohuwar amarya, Mandawari

Wa'alaikumus salam Hajiya Kaka. Rubutunki ya fita sarai, malamar da ta gudu ta bar ɗaliba.

Da farko ki kwantar da hankalinki game da yaran. Abin da kika yi wa jikanki, ɗalibai da yawa suna nemansa ba su samu ba. Yaro ya baro gida ya shigo garin da bai san kowa ba, in bai samu tabarmar kirki ya zauna ba, akwai masu shimfiɗa masa wata. Kar ki kori ko ɗaya. Kuma ba su yi laifi ba: ladabin da aka koya musu a gida suka yi, sai dai rashin sani ya fi dare duhu.

Shi ma Malam Ilu yana da gaskiyarsa. Na lura kin fi sa ido a kan tuwon, ni kuwa ina ganin butar ce ta kore shi. Muddin tana hannunsa, mai kawo nasa ne kamar kowa. Da aka karɓe ta, ya zama wanda ake ciyarwa a gaban baƙi. Don haka ƙarin awo bai yi magani ba.

Ba sai kin tona komai ba. Ki kira Angon naki shi kaɗai ki ce masa: “Butar nan ta Malam Ilu ce, a lungun nan ba mai taɓa ta.” Iyakar maganar ke nan, gaskiya ce kuma, shi zai isar wa abokansa. In ya gane abin da ke ƙarƙashi, ya samu darasin da ba a bayarwa a aji. Sannan ya je da kansa ya gaida dattijon, ya ce sun yi shisshigi cikin rashin sani, a yi musu afuwa, wurin ba ya daɗi ba shi. Kar ya je da abinci, kar ya ambaci abinci.

Sai batun loma. Tun asali ba a haɗa hannun dattijo da na saurayi a kwano ɗaya. Ki sa wani babba cikin mazan lungu ya raba zama, manya da nasu, samari da nasu. Ba wanda zai ga baƙon abu a nan, kuma mai ci a hankali zai ci a hankali.

Amma a yi wa sauran gidajen adalci su ma, don nauyin ba a kanki kaɗai ya sauka ba. Ciyayya kowa da abin da yake kawowa, bai kamata ɗaliban su saba da zuwa hannu rabbana ba, su ma in an ba su dama za su fi sakewa. Ki ba su murhu ranar da ba su da lacca, su dafa na garinsu a fitar da kwanon da sunansu. In tsofaffin Mandawari suka tsira daga yajin ɗan Ilori, sun zama 'yan uwa. Kuma ba dole kowace magariba a ƙofarki ba. Akwai ƙwallo, akwai ƙungiyoyin ɗalibai, akwai Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata da ƙofofin gari da ba su zaga ba. Wanda ya ɗinka wa rabin birni hula ya san kowane lungu da labarinsa, su roƙe shi ya riƙa yi musu jagora.

Tukunyar Lami kuwa, ko habaici ce ko taimako, wuta ɗaya za ta hau. Ki ɗauke ta a taimako. Ki cika ta, malmalar farko ki aika mata, ki ce tunda ta kawo tukunya saura muciya da mai tuƙi. Macen da ta ɗauko wannan nauyi da kanta ta ga abin da kika gani, kuma ita ma ba ta so ta faɗa.

In dattijon bai fito a daren farko ba kar ki matsa, a bar gurbinsa a tabarma, kar kuma kowa ya kawo wata buta. Ranar da kika leƙa ta kafar ƙofar nan kika ga Angonki ya miƙa hannu biyu Malam Ilu yana zuba masa ruwa yana tsokanarsa, ki saki ƙofar ki koma ki ci naki tuwon tun da zafinsa.

Allah ya ƙara lafiyar ƙafa, ya ba yaran sa'ar karatu, ya rufa mana asiri yadda lungunku ya rufa wa nasa.

Safiya