Baba, Jibi Zan Nutsar da Jirginka

Zuwa ga mahaifina, Malam Habu masunci, wanda ya koma ga Mahaliccinsa shekara uku ke nan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, haɗe da girmamawar da ta wajaba a kan ɗa ga mahaifinsa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima. Inna tana nan lafiya, ban da gwiwar da ka san ta da ita. Ni kuma na karɓo takardar lisansi, wato digiri, daga jami'a a Damagaram, da sakamakon da tawali'u ba zai hana ni kiran sa mai daraja ba.

Na san da kana zaune a gabana, da tuni ka ɗaga hannu ka ce in rage muƙaddima. To, ga maganar. Na ga jirginka, kuma da ransa. An ba ni wa'adi zuwa ranar kasuwar Guci, wato gobe, in faɗi ko zan saye shi, ko kuwa a sayar wa wani kafinta ya ɓamɓare katakonsa ya yi ƙyamare. Na sa wasiƙar nan a inda abokaina za su karanta da gangan, domin a bainar jama'a na yi kuskuren, bai kamata in nemi gafara a ɓoye ba.

Kai ka ba ni tarihinsa. Kakana ne ya sayo shi daga wajen Haɗeja, ya tsallako da shi iyaka a kan amalanken shanu, a zamanin da duk masuntan tafkinmu a kan gora suke iyo. Jirgin katako ne, ƙusa da kwalta suka haɗa shi. Da sassafe ka shiga da shi ka duba taru. Da hantsi ka tsallakar da mata zuwa garake a wancan ƙetaren, inda suke noma albasa da rake. Ban taɓa ganin ka karɓi ko dala a hannunsu ba. Wata ta jefa maka albasa biyu a cikin jirgi, wata ta karyo maka rake, wata ta yi maka addu'a kawai ta sauka.

Akwai kuma abin da kake yi duk bazara, wanda a lokacin nake ɗauka a matsayin tsantsar sakaci. In kifi ya ja baya, aka kwashe albasa, sai ka tura jirgin inda ruwa ya kai ƙugu, ka loda masa duwatsu, ka karkata shi har ya cika ya nutse. Ka dawo gida kana goge hannu kamar wanda ya kai ajiya. Ina ƙarami na tambaye ka dalili, ka ce: “Hutawa yake yi.” Ban gamsu ba, amma ban sake tambaya ba. Da na shiga jami'a kuwa, sai na daina tambayar kowa komai.

A shekarata ta farko na zo hutu a tsakiyar bazara, kana kwance a asibitin Magariya da ciwon ƙafa. Na dawo da kalmomi cike da baki: alkinta gadon tarihi, adana kayan al'ada, yaƙi da ruɓewa. Na tsaya a bakin tafki, na hango hancin jirgin a cikin ruwa, gansakuka ta lulluɓe shi, na ji takaici ya kama ni. Na ce wa kaina, ga dukiyar iyali tana halaka saboda rashin ilimi, ga kuma mai ilimin ya iso.

Na ari shanu biyu na jawo shi waje. Kawu Sale, ƙanen Inna, abokin kamun kifinka na shekara da shekaru, ya biyo ni da gudu yana cewa in mayar da shi. Na yi masa bayani mai tsawo game da yadda danshi ke lalata itace. Ya saurara har na gama, ya ce: “Ni dai ban yi lakwal ba,” wato boko, ya juya.

Na ɗora jirgin a kan bulo a bayan gida, na kankare shi tas, na shafe shi da shuɗin fenti, na rubuta sunan zuriyarmu a gefensa da Faransanci. Na ɗauki hoto na yaɗa. Wasu daga cikin masu karanta wasiƙar nan sun yaba mini a lokacin. Ban riƙe su ba, su ma ba su san jirgi ba.

Sati shida ya yi a wannan zafin. Katakon ya bushe ya tsuke, kowane haɗi ya buɗe, kwaltar ta zube kamar ɓawon gyaɗa.

Ranar da aka sallamo ka, ka dogara sanda ka zagaya bayan gida. Ina tsaye ina jiran yabo. Ka durƙusa da ƙyar, ka zura hannu a tsakanin katako biyu na ƙasa, yatsunka huɗu suka ɓullo ta ɗaya gefen. Ka daɗe a haka. Sannan ka miƙe ka ce: “Fentin ya yi kyau.”

Baba, da ka zage ni, da na sami abin da zan mayar da martani a kai, domin a fagen muhawara ba a cika kayar da ni ba. Wannan jimla kuwa ta fi ƙarfin duk mantiƙin da na karanta.

Sai bayan kwana biyu, muna cin tuwo, ka yi mini bayanin a taƙaice. Ka ce katakon jirgi in ya sha ruwa kumbura yake yi, ya matse ɗan'uwansa, haɗin ya rufe. Ka ce rana ce ke kashe jirgi, ba ruwa ba. Sai ka kalle ni ta gefen ido ka ƙara da cewa: “Shi dai in ya jiƙe yana rufe baki. Kai ne ban san me za mu ba ka ba.” Inna ta yi dariya har ta ƙware. Ni ban yi ba.

Kafin in koma jami'a, Arɗo Buba ya zo da amalanke. Amininka ne, wanda shanunsa ke kwana a gonarmu bayan girbi su bar mana taki, kai kuma ka aika wa iyalinsa busasshen kifi. Aka ɗora jirgin, aka tafi da shi rugarsa, tafiyar 'yan sa'o'i. Da na ji cewa a bakin rijiya zai ajiye shi, shanu su riƙa shan ruwa a ciki, na tayar da murya a tsakar gida, na kira abin cin mutuncin tarihi. Ka ce: “Arɗo ya san abin da zai yi da shi.” Na fassara wannan da cewa ka yafe jirgin, ka kuma yafe ni tare da shi.

Ba ka sake shiga ruwa ba. Kawu Sale ya koma kan gora da tsufansa. Mata suka koma zagaye tafki a ƙafa da kaya a ka. Bayan shekara biyu ka rasu, ban ce maka ka yi haƙuri ba. Na tsara jimlar sau da dama, amma kullum sai in ga ba ta kai matsayin da ya dace ba, in ɗage ta zuwa wani hutu.

Shekara biyar ban taka rugar Arɗo ba. Ko a zaman makokinka, da ya zo, na gaishe shi na sulale.

Watan jiya na sami aikin wucin gadi da wani proje mai duba rijiyoyin ƙauyuka. Aka ba ni moto, wato babur, da jerin sunaye, rijiyar Arɗo tana ciki. Na so in musanya da abokin aikina, bai yarda ba.

Na isa da hantsi, ana shayarwa. Sa yana jan guga, matan ruga suna juyewa, shanu sun yi layi kafaɗa da kafaɗa. Da suka ɗan ja baya sai na gan shi, a kafe cikin yashi, cike da ruwa har baki. Shuɗin fentina ya tafi, sai ɗan ɓurɓushi a hanci. Na durƙusa inda ka durƙusa, na laluba haɗin nan da yatsunka suka shige. Ko farcena bai shiga ba. Yashin da ke ƙarƙashinsa a bushe yake.

Arɗo ya bar ni na gama, sannan ya zaunar da ni a inuwa, aka kawo nono, ya ba ni labarin da ka hana shi bayarwa. Ashe ba kyautar fid da rai ka yi ba, jinya ka kai jirgin. Ka ce masa ya cusa tsumma da kwalta a haɗin, ya cika shi da ruwa kullum, ko da shanu sun tafi mashekari, kada ya bari ya yini a bushe ko sau ɗaya. Ya tambaye ka me ya sa ba za ka mayar da shi tafki ba, ka ce ƙafarka ba za ta iya kula da shi ba, sannan ka ce: “In na mayar da shi ruwa, ɗan lakwal zai sake zuwa ya cece shi.”

Ya ce watanni biyun farko ruwan zuba yake yi kamar an juye a kwando. Matansa suka yi ta ƙorafi, suna cewa Arɗo ya sa su shayar da yashi. Uwargidansa, Inna Wuro, ita ce ta ce a ci gaba, domin ta ci kifinka shekara ashirin. Shekara biyar suna ja wa jirginka ruwa daga rijiya mai gaba goma sha, har a watannin da babu saniya ko ɗaya a ruga. Ni da na mallaki kalmar alkintawa, na kashe shi a sati shida. Su da ba su taɓa furta ta ba, suka raya shi da guga.

Yanzu magajin gari ya sa an gina musu mashaya ta siminti, aikin jirgin ya ƙare. Kafintan Guci ya taya shi. Arɗo ya ce ba zai sayar wa kowa ba sai ya ji daga bakina, amma ba zai ba ni kyauta ba. Kalmominsa su ne: “Abin da ka samu a banza, fenti kake shafa masa.” Ya yanka mini farashi, tunkiya guda, da sharaɗin in cika jirgin da hannuna sau ɗaya, ba sa, ba mataimaki. Na yi. Tafin hannuna ya saɓule, matan ruga suna tsaye suna tambayata ko a jami'a ba a koyar da jan guga. Na karɓi wannan a matsayin hukunci mai adalci.

Sati uku ina auna lamarin, Baba, kuma hujjojin bari ba su da rauni. Ban iya tuƙi ba, sandar ma juya ni take yi. Ina neman aiki a Damagaram ko Yamai, ba zan zauna a bakin tafki ba. Ciyawar kacalla ta cinye kusan rabin ruwan. Kawu Sale ya je ya ƙwanƙwasa jirgin daga hanci har wutsiya, ya ce katako biyu na ƙasa sun gaji, ƙusoshi sun yi tsatsa, ƙahon shanu ya cinye bakin. Inna ta ce kada in sayo baƙin ciki in kawo mata gida. Wani abokina ya ba da shawarar in kai shi gidan adana kayan tarihi a sa masa allo. Na gode masa, amma na riga na gwada wannan falsafar a bayan gidanmu, na ga natijarta.

Abin da ya raba gardamar ba hujja ba ce. Da Kawu Sale ya gama lissafa aibobin jirgin, sai na ga ya tuɓe takalmi, ya shiga ciki da ruwan da komai, ya tsaya a wutsiya inda yake tsayawa in kana jefa taru, ya buɗe ƙafafu kamar mai jiran igiyar ruwa. Tsoho mai furfura, a tsakiyar yashi, shanu suna kallon sa. Da ya fito sai ya tambaye ni, yana kallon wani wuri, ko na san inda ake samun ƙusa mai kyau a Magariya.

Da na gaya wa Inna wannan, sai ta shiga ɗaki ta jawo sandar tuƙinka daga bayan gado. Ashe tana nan. Ta ce in dai za a tsallakar da mata kyauta kamar da, ta janye maganarta.

Saboda haka ga hukuncin da na yanke, kuma kai na fara sanarwa. Gobe zan sayi tunkiyar a kasuwar Guci in kai wa Arɗo, tare da turmin zane na Inna Wuro, wanda ba ya cikin ciniki. Jirgin zai zama a hannun Kawu Sale, shi zai gyara, shi zai tuƙa. Ni nawa sayen katako da ƙusa, da yin shiru in yana aiki. Na biyun zai fi yi mini wuya.

Jibi bayan sallar asuba za mu ɗora shi a amalanke, mu lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, mu iso kafin rana ta yi ƙarfi. Ba za mu bi da shi ta bayan gida ba. Kai tsaye za mu wuce tafki, inda ruwa ya kai ƙugu. Na riga na tara duwatsun. Kawu ya ce gyara sai damina ta matso, kafin nan ya huta. Ni zan karkata shi da hannuna, in tsaya har ya nutse.

Na gode, Baba. Na gode da ba ka kunyata ni a gaban mutane ba. Na gode da ka ɓoye mini jirgin daga kaina, ka ajiye shi a hannun mutanen da suka fi ni riƙon amana, har in yi hankalin da zan karɓe shi. Jimlar nan da na kasa tsarawa kuwa, na daina neman mata ado. Ka yi haƙuri, Baba. Ni na yi kuskure.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya sanyaya makwancinka, Ya shayar da kai daga tafkin Manzonsa. Allah Ya albarkaci Arɗo Buba da iyalinsa, Ya yawaita garkensu, Ya sa rijiyarsu kada ta ƙafe. Ya ƙara wa Inna da Kawu Sale lafiya. Ni kuma Ya koya mini tambaya kafin gyara. Amin.

Wassalam.

Ɗanka, ɗan lakwal,
Sani