Surukina bai yarda da Allah ba, amma shi ya tayar da mijina

Malama Tineke, don Allah ki taimake ni da shawara. Murna da kunya sun haɗe mini, na rasa ta inda zan fara.

Shekarata talatin da ɗaya cikin mawaƙan cocinmu a wani ƙauye na yankin Friesland, mijina Wiebe kuma dattijon coci ne. Ranar da 'yarmu Geertje ta kawo mana Sjoerd, mai gyaran kekuna, muna kan cin abinci ya ce shi bai yarda akwai Allah ba. Ban je ɗaurin aurensu a ofishin magajin gari ba. Na sha gaya wa matan coci cewa wanda ba ya tsoron Allah babu abin da zai hana shi mugunta.

Bara Wiebe ya samu shanyewar ɓarin jiki. 'Yan coci sun aiko da furanni, an yi addu'a, daga wata na biyu ƙafa ta ɗauke. Sjoerd ne ke zuwa kullum kafin ya buɗe shago, ya yi masa wanka, ya aske masa gemu, ya canza zanin gado in ya ɓaci. Ya kafa ƙarafan dafawa a bangon falo, yana tsokanarsa wai raggon dattijo, babu shan kofi sai ya yi taku goma. Wiebe ya zage shi da rabin baki, kuma ya taka.

Lahadin da ta wuce mijina ya shiga coci da ƙafarsa, riƙe da hannun Sjoerd! Jama'a suka miƙe tsaye, ni waƙar ma ta gagare ni. Bayan sujada wata ta ce mini ashe Ubangiji kan yi aiki ko da marar bangaskiya. Na ce mata a gaban kowa, marar bangaskiyar nan ya wanke mijina wata goma sha ɗaya, ita mai bangaskiyar ina ta shiga?

To amma ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba. Kuma har yanzu ina masa kwaɗayin ya san Allah. In na yi maganar, ba zan ɓata komai ba?

Suruka mai jin kunya

Baiwar Allah, barka da arziki! Taku goma ya zama tafiya har coci, wannan nasara ce ta ku duka.

Haƙurin nan ki ba shi a makon nan, a gajarce. Ki ce kin yi masa mummunan zato, kin yi kuskure. Kada ki haɗa da wa'azi, zai ji kamar wata dabara ce. Ki kuma nemi Geertje, don ita ce aka ɗaura wa aure babu uwa a wurin.

Addu'a ki ci gaba da yi masa tsakaninki da Allah, babu mai hana ki. Sjoerd ya san abin da kika gaskata, ya raka mijinki coci bai yi ba'a ba. Ki girmama nasa ra'ayin haka. In ya tambaya, ki amsa.

'Yan cocinku kuwa, wasu sakaci ne, wasu ba su san me za su yi ba. Matar da kika yi wa tatas, ki kira ta, ki ba ta ranar Laraba ta fita yawo da Wiebe, Sjoerd ya huta.

Kin yi dacen suruki. Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ya bar ku tare.

Tineke